Kafin A Sayo Kwamfutar Gem Daga Ikko, A Tambayi Wutar Kafanchan

Da zarar watan Disamba ya kama, ko kuwa Salla ta matso, sai saƙonni su fara zuwa wa 'yan Arewa mazauna Ikko da Badun da Fatakwal daga gida, kowa da abin da yake so a riƙo masa. A da abin bai wuce rediyo mai kaset ba, da agogon hannu, da yadin shadda. Yanzu kuwa samarin Kafanchan da Kagoro da Zonkwa da Kwoi sun ƙaro wani abu a cikin jerin, watau kwamfutar buga gem. Kuma ba irin wadda ake saya a haɗe cikin kwali suke so ba, sai irin wadda ake sayen kayanta ɗaya-ɗaya sa'an nan a harhaɗa. Yaro kan aiko da sunayen kayan a rubuce, da lambobinsu, kamar takardar likita. Uba ko wa, wanda watakila bai taɓa leƙa cikin kwamfuta ba, sai ya ɗauki takardar ya nufi kasuwar kwamfuta ta Ikeja da ake kira Computer Village, ya miƙa wa mai shago a titin Otigba, ya tsaya yana jiran a gaya masa kuɗi.

Don wasa ake sayen abin, amma kuɗinsa ba na wasa ba ne. Katin hoto mafi ƙarfi da kamfanin Nvidia na Amurka ya fitar wa masu gem a 2025, watau GeForce RTX 5090, ya shiga kasuwa a ƙarshen watan Janairun shekarar a kan dala 1,999. In aka lissafa a canjin Naira 1,500 kan kowace dala, wanda shi ne kusan abin da aka yi ta gani a wannan shekara, kuɗin ya doshi Naira miliyan 3, tun ba a sa kuɗin jirgi da na kwastan da ribar ɗan kasuwa ba. Ma'aikacin da ke kan mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka tsayar a 2024, sai ya yi fiye da wata 42 yana tarawa bai ci ko sisi ba kafin ya riƙe wannan kati. Kuma kati ɗaya ne tak cikin kaya bakwai ko takwas da ake bukata.

To, inda gizo ke saƙa shi ne, takardar nan da yaron ya aiko, galibi daga bakin masu gwada kaya a Amurka da Ingila ya kwaso ta, mutanen da ke zaune cikin ɗakuna masu sanyi, inda wuta ba ta ƙiftawa, ƙura kuma sai an neme ta. Kayan da suka zaɓa masu kyau ne, ba shakka, amma don ɗakinsu suka zaɓa. Kwamfutar da za ta zauna a Kafanchan kuwa daga soket ɗin bango ake fara zaɓen kayanta, katin hoto ya biyo baya.

DARASIN BAYAN LOCO

Kafanchan ba baƙuwar injuna ba ce. Jirgin ƙasa ne ya raya garin tun 1927, lokacin da layin dogo da ya taso daga Fatakwal ya ratsa ta nan zuwa Kaduna, wani reshe kuma ya ɓalle ya hau Jos. Daga filin da ake ajiye kawunan jirage ana gyara su unguwar Bayan Loco ta samo sunanta. A wannan unguwa ce kuma aka yi gwajin da ya kamata duk mai shirin aika kwamfuta gida ya san labarinsa.

Gidauniyar Fantsuam, wadda aka kafa a 1996, wadda kuma aka fi sanin John Dada da Kazanka Comfort a cikin jagororinta, ta fara ne da ba matan karkara ƙananan rance, daga baya ta buɗe wurin koyar da kwamfuta a Bayan Loco. Wurin ya yi suna har ya ci lambar yabo ta Hafkin a 2001, karon farko da ƙungiyar APC ta ba da ita a Afirka. Daga baya ma gidauniyar ta kafa ZittNet, hanyar intanet marar waya da ta haɗa wurare a cikin garin da kewaye, tun kafin wayar hannu mai intanet ta zama ruwan dare.

Kwamfutocin da suke koyarwa da su tsofaffi ne da aka gyara aka kawo daga Turai, kuma ba a daɗe ba suka gano cewa abu uku ne ke kashe su: zafi, da ƙura, da wutar da ba ta tsayawa. Injin da ya yi shekaru yana aiki a ofis a Ingila, sai ya zo Kafanchan ya kwanta tun ba a mori kuɗin dakonsa ba. Abin ya kai har suka haɗa kai da wani ƙaramin kamfani na Ingila mai suna ExpLAN, aka tsara wata kwamfuta da aka sa wa suna Solo, wadda ba ta da fanka ko wani abu mai juyawa da ƙura za ta toshe, wadda kuma za ta iya aiki da batirin mota ko hasken rana. Abin da take ci bai kai wat 10 ba. Ke nan wutar da katin RTX 5090 shi kaɗai ke zuƙa ta ishi Solo fiye da hamsin.

Ba wanda zai buga gem ɗin zamani a kan Solo. Amma abokan gaban nan uku da aka gano a Bayan Loco suna nan daram, ba su san tsohuwar kwamfuta ba, ba su san sabuwa ba.

LISSAFIN WUTA

Kamfanin Nvidia da kansa ya ce katin RTX 5090 na cin wat 575, ya kuma ba da shawara a haɗa shi da fawa-fak mai wat 1,000. Fawa-fak shi ne ɗan akwatin da ke karɓar wutar bango ya rarraba wa sauran kayan. In aka ƙara abin da furosesa ke ci, da fankoki, da allon kallo, injin kan tashi a wat 800 zuwa 900 yayin da ake tsakiyar wasa. Wannan kusan dutsen guga na lantarki ne da aka kunna aka bar shi ba kashewa. Ɗan ƙaramin janaretan nan da 'yan Ikko ke wa kirari da “na fi maƙwabcina” ƙarfinsa bai wuce wat 650 zuwa 800 ba, ba zai ɗauke shi ba ko da an kashe kowane ƙwai a gidan.

Mai cewa ai akwai inbata a gida, shi ma ya zauna da alƙalami. Babban batir mai bolt 12 da amfiya 200 yana riƙe wat 2,400 na awa ɗaya a lissafi, amma in mai ruwan dalma ne, rabi kaɗai ake sha in ana so ya yi ƙarko. Saura 1,200 ke nan. Inji mai cin wat 850 zai shanye wannan kafin awa ɗaya da rabi ta cika, a bar gidan ba fanka ba fitila. Wanda ke cin 350 kuwa zai haura awa uku a kan batir guda. Wannan bambanci shi ne tsakanin yaron da ke wasa kullum da yamma, da yaron da ke zaune yana kallon akwati mai kyau yana jiran a kawo wuta.

Kuma jiran kan yi tsawo. A watan Oktoba na 2024, da manyan layukan da ke kai wuta Arewa suka lalace, jihohi da dama, har da Kaduna, sun yi fiye da mako guda cikin duhu. Mai kuwa tun da aka janye tallafi ranar 29 ga Mayu, 2023 ya tashi daga ƙasa da Naira 200 kowace lita, har ya haura Naira 1,000 a ƙarshen 2024. Wanda ya aika da inji mai haɗama ya aika wa iyayensa da wani baki ne da za a riƙa ciyarwa, kuma sau da yawa shi ɗin dai za a waiwayo a ce ya turo kuɗin mai.

Ɗaukewar wuta ma da sauƙi a kan dawowarta. Wutar Nijeriya a takarda bolt 230 ce, amma kowa ya san yadda takan yi ƙasa har ƙwai ya koma ja kamar garwashi, ko ta dawo da ƙarfi bagatatan ta ƙona abin da ta tarar a kunne. Don haka fawa-fak ne wurin da bai kamata a nemi araha ba, kuma abin takaici shi ne nan ne aka fi nema, domin ba ya ƙyalli, yaro ba ya nuna wa abokansa shi. A duba jikinsa a ga an rubuta yana karɓar wuta daga bolt 100 zuwa 240, watau zai jure in ta yi ƙasa. A duba tambarin 80 Plus. Mai darajar zinariya yana mayar da kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da ya sha zuwa aiki, ɗan abin da ya rage ne ke zama zafi. Kamfanoni irin su Seasonic da Corsair kan ba manyan fawa-fak ɗinsu garanti na shekara goma. Wanda ba shi da suna, mai sauƙi a hannu kamar gwangwanin da aka shanye, in ya tashi mutuwa ba ya tafiya shi kaɗai, yakan ja katin hoto da madabod su tafi tare.

Bayan fawa-fak sai abin da zai tsaya tsakaninsa da bango. Ƙaramar UPS ɗin ofis mai lamba 650 ba wat 650 take bayarwa ba, abin da take iyawa bai wuce 400 ba, in aka ɗora mata babban inji sai ta yi ƙara ta mutu a lokacin da ake bukatarta. Har wa yau fawa-fak na zamani ya fi jituwa da wuta mai sumul, irin da masu inbata ke kira “fiyo sayin”, don haka a tambaya kafin a biya. Wanda ɗan'uwansa zai aiko masa da kaya daga Amurka ya kula, UPS ɗin can ta bolt 120 ce, ba ta da amfani a nan.

Sa'an nan ga tsawa. Kudancin Kaduna ƙasar ruwa ce da duwatsu, damina kan faɗi tun watan Afrilu ta kai Oktoba, kuma hadarin farko da ke gangarowa daga wajen dutsen Kagoro ba ya zuwa da wasa. Gidaje da yawa an ja musu waya ba tare da an binne ƙarfen da ke kai wuta ƙasa ba, wanda masu aikin lantarki ke kira atin, kuma in babu shi, abin kariyar da ake sawa a soket ado ne kawai. Kuɗin kiran mai aiki ya binne wannan ƙarfe bai kai na fanka biyu masu fitila ba. Duk da haka in hadari ya haɗu, maganin da ba ya ƙarya shi ne a zare filogi daga bango, a zare wayar intanet ma.

KATIN HOTO DA ABIN DA ZA A KALLA A KAI

Sai an gama wannan lissafi ake komawa kan katin hoto, wanda shi ne ke zana duk abin da ido ke gani a wasan, shi ne kuma ke lashe kusan rabin kuɗin injin. Tambayar farko da ya kamata a yi wa yaro ita ce, wane wasa zai buga? In ƙwallon ƙafa ce, wadda ita ce ta cika gidajen gem daga Kafanchan har Agege, to maganar ta zo da sauƙi. Wasan da aka sani da FIFA, wanda kamfanin EA ya sake wa suna zuwa FC a 2023, katin da masu shi suka ba da shawara a kai a wannan shekara shi ne GTX 1660, katin 2019 mai cin wat 120. Sayen RTX 5090 don a buga wannan kamar sayen tirela ne don a kai buhun citta ɗaya kasuwa.

In kuwa manyan wasannin yaƙi da na tsere ne, ko kuma injin zai haɗa da neman abinci, akwai matsakaita masu ƙarfi ƙwarai. RTX 5070 Ti ya fito a 2025 a kan dala 749, yana cin wat 300. Kamfanin AMD ya fitar da Radeon RX 9070 XT a watan Maris na shekarar a kan dala 599, cinsa kusan ɗaya da wancan, da kuma ƙaninsa RX 9070 mai cin wat 220 a kan dala 549. Dukansu uku suna da ma'ajiyar hoto mai gigabait 16, kuma wannan lamba ta fi sunan katin muhimmanci ga mai son injin ya yi shekaru, domin sababbin wasanni sun fara ƙuntata wa masu gigabait 8. Waɗannan farashin fitowa ne a Amurka. Abin da za a faɗa a Ikeja daban ne, amma sanin na asalin yakan hana a yi wa mutum yankan rago.

Maganar neman abinci ba ƙarama ba ce. Injin da ke buga gem shi ne dai ke haɗa bidiyon biki, da na mawaƙan coci, da na bikin Afan da ake yi a Kagoro ranar 1 ga Janairu. Ɗaliban zanen gine-gine a reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan ma irinsa suke bukata. Yaron da ya iya wannan zai iya mayar da kuɗin injin, kuma ga irinsa katin Nvidia ya fi dacewa, saboda yawancin manhajojin aikin sun fi sabawa da shi.

Wani abin da ake mantawa shi ne allon kallo. Babban kati an yi shi ne don allo mai tsananin kaifi da ake kira 4K, ko mai saurin sauya hoto sau 144 ko fiye a daƙiƙa. In za a jona shi da tsohuwar talabijin ta falo, mai sauya hoto sau 60, to an biya kuɗin ƙarfin da ido ba zai taɓa gani ba. Kuma ga wata dabara da masu haɗa injuna suka sani: da manhaja irin MSI Afterburner ana iya rage wa kati cin wuta da kashi 20 cikin 100, abin da zai rasa na sauri kuwa ɗan kaɗan ne, sau da yawa mai wasa ba ya lura.

Wanda dai ya nace sai babban kati, ya san da zancen filoginsa. Tun da RTX 4090 ya fito a watan Oktoba na 2022 aka yi ta samun rahoton narkewar sabon filogin da ke kai masa wuta, aka gyara fasalinsa, amma a 2025 an sake jin irin wannan a kan RTX 5090. Dole a tura shi har ya yi ƙas, kada kuma a lanƙwasa wayar dab da bakinsa.

SAURAN KAYAN CIKI

Furosesa ita ce ƙwaƙwalwar injin, kuma a nan mai Kafanchan ya yi sa'a, domin wadda ta yi fice a wasa ba ita ce ta fi cin wuta ba. Ryzen 7 9800X3D ta kamfanin AMD, wadda ta fito a watan Nuwamba na 2024 a kan dala 479, an ƙayyade ta a wat 120, yayar tata 7800X3D ta 2023 ma haka, kuma a wasa sukan ci ƙasa da hakan. Core i9-14900K ta kamfanin Intel kuwa tana iya haurawa wat 253. Bugu da ƙari, a watan Yuli na 2024 Intel ya amsa cewa wasu manyan furosesocinsa na zubi na 13 da na 14 suna lalacewa saboda wuta na yi musu yawa, ya fitar da gyara, ya kuma ƙara musu garantin shekara biyu. Garantin nan yana da amfani ga mai rasit a Landan. Wanda ya sayi ta hannu a Alaba ba shi da inda zai kai ƙara.

Madabod, watau faifan da ake dasa kome a kansa, tilas bakinsa ya dace da furosesa. Ta AMD ta zamani ana dasa ta a gurbin da ake kira AM5, ta Intel ba za ta shiga nan ba ko da guduma. AMD ya yi alkawarin ci gaba da wannan gurbi har 2027 ko bayan haka, ke nan nan gaba ana iya sauya furosesa kaɗai a bar faifan. Ba sai an sayi mafi tsada ba. Matsakaici mai lamba B650 ko B850 ya isa, in dai yana da wayarles a jikinsa, tun da a gida galibi da wayar hannu ake raba intanet.

RAM gigabait 32, sanda biyu masu 16, na irin DDR5, shi ne daidai. Sai dai tun daga ƙarshen 2025 farashinsa ya yi tashin gwauron zabo, saboda kamfanonin ƙirƙirarriyar basira sun kwashe abin da masana'antu ke fitarwa, har kamfanin Micron ya ba da sanarwa a watan Disamban shekarar cewa zai daina sayar da kayansa masu tambarin Crucial ga ɗaiɗaikun mutane. Wanda aljihunsa ya gaza ya fara da 16, a bar gurbi a ƙara daga baya. Wurin ajiya kuwa a ɗauki SSD, ba tsohon hadis mai faifai mai juyawa ba, wanda girgizar mota da ɗaukewar wuta ke saurin illatawa. Wasa guda irin Call of Duty kan ci fiye da gigabait 100, don haka terabait 1 shi ne mafi ƙaranci, 2 ya fi kwanciyar rai.

HUNTURU DA BAZARA

Kowane wat da inji ya ci, zafi yake komawa, kuma a cikin ɗakin yake zama. Masu gwaji a Turai ɗakunansu ba su cika wuce digiri 22 zuwa 25 ba. Ɗaki mai rufin kwano a Kafanchan a watan Maris, kafin ruwan farko ya sauka, ya fi haka nesa ba kusa ba, kuma duk digirin da ɗaki ya ƙaru da shi, kayan cikin injin ma sun ƙaru da shi. Furosesa in ta doshi digiri 95 takan rage gudu da kanta don kada ta ƙone, sai a ga inji mai tsada yana tafiyar hawainiya da tsakar rana.

Samari sun fi son na'urar sanyayawa mai ruwa, saboda kyanta da fitilunta. Amma tana da famfo, kuma in famfon ya tsaya ko ruwan ya ragu, sai dai a aika Abuja ko Ikko a nemo wata. Mai ƙarfe da fanka, irin su Noctua NH-D15 ko Thermalright Peerless Assassin mai araha, ba abin da zai lalace a jikinta sai fankar, kuma fanka ko mai gyaran rediyo ya iya sauyawa.

Ƙura kuwa daga Nuwamba zuwa Fabrairu take cin kasuwarta. Mafi yawan hazon hunturu daga kwarin Bodele da ke ƙasar Chadi yake tasowa, kuma laushinsa ya fi na garin alkama, yana bi ta kowace kafa. Ya taru a haƙoran ƙarfen sanyayawa ya zama kamar bargo, sa'an nan da damina ta kawo laima sai ya danƙare. Akwatin da ya dace shi ne mai raga a gaba da tacin da ake zarewa a wanke, ba mai gilashi ta ko'ina ba. A jera fankoki yadda masu shigo da iska za su fi masu fitarwa yawa, domin iskar ta riƙa turo ƙura waje ta ƙananan ramuka maimakon ta zuƙo ta. A ɗora akwatin a kan tebur, kada a ajiye shi a ƙasa inda tsintsiya ke tashin ƙura kowace safiya. Da hunturu a wanke taci duk mako biyu, a hure cikin da bulowa bayan an zare wuta, ana riƙe da fankoki da yatsa don kada iska ta juya su fiye da kima.

A KASUWA DA KAN HANYA

Kayan hannu, waɗanda ake kira tokumbo, ba abin ƙi ba ne, da su yawancin injunan ƙasar nan ke aiki. Amma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Tun ranar 15 ga Satumba, 2022, da kuɗin intanet na Ethereum ya daina amfani da katin hoto wajen haƙo shi, dubban katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana suka kwararo kasuwannin duniya. Akwai kuma na jabu, tsohon kati da aka sake wa suna da kwali. Maganin duka shi ne gwaji a gaban mai shago kafin kuɗi ya bar hannu. Manhajar GPU-Z na faɗin ainihin sunan kati, FurMark na matsa masa a ga ko zai yi minti 20 bai ɗauke ba, CrystalDiskInfo kuma na nuna awa nawa SSD ya yi yana aiki. Mai shagon da ya ƙi a gwada ya riga ya ba da amsa. A karɓi rasit mai lambar jikin kowane kaya, a kuma guji 'yan kamasho masu tare mutum tun daga bakin titi. Fawa-fak dai kada a saye shi na hannu ko kusa.

Ya fi kyau a haɗa injin tun a Ikko, a bar shi ya kwana biyu yana aiki, domin in akwai abin da zai nuna hali ya nuna tun mai shago na kusa. A nan ne kuma ya kamata a sauke manyan wasannin, inda intanet ya fi sauri, maimakon a bar yaro ya ƙarar da datar wata uku a kan wasa ɗaya.

Sa'an nan kafin a kai tasha a sake buɗe akwatin a cire katin hoto, a mayar da shi kwalinsa. Manyan katunan nan kan kai kilo biyu, kuma ɗan siririn gurbi ne ke riƙe da su a jikin madabod. Ramukan hanyar Lakwaja zuwa Abuja, da na daga can zuwa gida, sun isa su tsage gurbin, ko su fizge babbar na'urar sanyayawa daga mazauninta, don haka ita ma a cire ta in mai nauyi ce. Akwatin a kwantar da shi a kan gefensa, madabod na ƙasa, a kewaye shi da tufafi, kada yaran mota su ɗaure shi a saman kaya inda rana da ruwa za su same shi. Katin kuwa ya hau kan cinyar mai shi, ko da direba zai nemi kuɗin kujera.